Ƙullin Layar Bindigar Alhaji Maje

Mutanen gidan marigayi Alhaji Maje sun zalunci Hansai, kuma Malam Almu Jalo ya taya su. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma wannan ba uzuri ba ne. Mutumin da aka kira don ya duba, ya duba sama-sama ya buɗe baki, yana da kasonsa a cikin zaluncin.

Abin ya faru ne a London a shekarar 1976. Alhaji Maje ɗan kwangilar siminti ne daga Kano. Da kuɗin man fetur suka buɗe masa, ya sayi gida mai hawa uku a Camberwell, kusa da asibitin da yake ganin likitan zuciya, a nan kuma ya rasu cikin watan Maris. Ya bar matarsa Hajiya Jamilatu, da ɗansa Uwaisu mai karatu a jami'a, da 'ya'ya mata biyu da ke aure a Kano. Ƙaninsa Alhaji Zailani, wanda ya shekara ashirin yana riƙe masa jaka, shi aka ɗora wa haɗa kayan gado.

Ba a raba gado sai an san ƙimar kowane abu. Gida da mota ba su ba da wahala ba. Sai aka zo kan bindiga. Ƙarama ce, ta gasar saiti, irin wadda Turawan da suke harbin allo da ita, ƙirar wani maƙerin London da ya mutu fiye da shekara ɗari. Tana kwance a cikin akwatin katako mai shimfiɗar koren karammiski. Alhaji ya saye ta a gwanjo fam dubu uku, bai taɓa harba ta ba. Shi ɗan maharbi ne, saboda haka ranar da ya kawo ta gida ya ɗaura mata laya da igiyar fata, kamar yadda mahaifinsa yake ɗaura wa tasa bindigar farauta.

Alhaji Zailani ya kai ta wurin mai ƙiyasta kuɗin tsofaffin makamai, ya dawo da takarda. Fam ɗari biyu. An goge bindigar ta yi fari tas kamar sabuwar tukunya, baƙin launin da maƙerin ya ba ta ya tafi, darajarta ta bi shi.

Nan aka aika a kira Malam Almu. Bafulatanin Adamawa ne, ya yi soja a yaƙin Bama, ya dawo ya shekara ashirin yana bin sawun ɓarayin shanu a aikin ɗan doka. Yanzu gadin wani sito yake yi a Stratford. Hausawan London sukan neme shi idan abu ya faru a cikin gida ba a so 'yan sanda su ji.

Ya zauna a falo, aka ajiye masa akwatin a gaba. Ya ɗauki bindigar, ya kai ta hanci. Ya sa tsinken sakace a wani lungu kusa da kunamar, ya ciro farin gari.

"Toka ce da lemun tsami," in ji shi. Ya sake sansanawa. "Tokar gawayin turaren wuta. Wa ke ƙona turare a gidan nan?"

Duka suka dubi ƙofar kicin.

Hansai tsohuwa ce, 'yar uwar Alhaji ta nesa, wadda ta zauna a gidan mahaifinsa tun shi da ƙaninsa suna yara. Ita ta goya Uwaisu. Shekara ashirin da biyu tana gidan, daga Kano har London, kuma ba ta yarda da garin goge-goge na kanti ba. Kowace Alhamis takan kwashe tokar kaskonta ta goge duk wani ƙarfe da ke gidan.

Ta fito tana share hannu da gefen zani.

"Na goge buta, na goge tire, na goge har mariƙin ƙofa," in ji ta. "Akwatin nan ban taɓa buɗe shi ba."

"Iya, ki tuna dai," in ji Uwaisu. "Ko kin ga ta yi duhu kin ce bari ki gyara wa Baba?"

"Na ce ban taɓa ba, Uwaisu."

Alhaji Zailani ya girgiza kai. "Ba sata muke cewa ta yi ba, Hajiya. Rashin sani ne. Amma an cinye wa magada kusan fam dubu uku da toka, sannan a tsaya a gabanmu ana musu."

Musun ne ya fi yi wa Hajiya Jamilatu zafi. Mace ce mai takaba, ga baƙin ciki, ga baƙi suna shige da fice. Ta ce da Hansai ta amsa, da ta yafe mata. Hansai ta ƙi amsa abin da ba ta yi ba. Washegari Alhaji Zailani ya ce ya yi mata booking, jirgin Kano ranar Laraba.

Malam Almu ya zo ranar, ya taya ɗaukar kaya. A bakin mota Hansai ta tsaya ta dube shi.

"Malam, kai ma ka gaskata?"

"Abin da hancina ya ji na faɗa, Hansai."

"Hancinka bai yi ƙarya ba, tokata ce. Amma kaskon a bayan ƙofar kicin yake, kowa na wucewa ta wurin." Ta gyara mayafinta. "An ce min kai kana duba ƙasa kafin ka yi magana. Ni ba ka duba min ba."

Ta shiga mota. Ya bar ta ta tafi, domin yana ganin ya riga ya gama aikinsa. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Kwana tara bayan haka ya koma gidan gaisuwa. Hajiya ta sa aka kawo masa shayi a kan tiren tagulla. Hasken taga ya faɗi a kan tiren, sai ya ga zanen guga: zagaye-zagaye ƙanana, ɗaya na hawa kan ɗaya, yadda mata suke murza tasa tun suna yara. Ya juya buta, haka. Ya tashi ya duba mariƙin ƙofa, haka.

Shayin ya huce a gabansa.

"Hajiya, a ba ni akwatin nan in sake gani."

"Ai magana ta wuce, Malam."

"A wurina ba ta wuce ba."

Ya kai bindigar bakin taga. Gugar da ke jikinta a miƙe take, dogo-dogo, ta karkata gefe guda, aikin mai ƙarfin hannu da gaggawa. Ya ajiye ta ya dubi cikin akwatin yadda ya kamata ya duba tun ranar farko. Abin da ya kwanta shekara ɗari a kan karammiski yakan bar gurbinsa, kamar saniya a kan ciyawa. Ya mayar da bindigar a gurbin. Bakinta bai kai ƙarshen sawun ba, saura faɗin yatsa guda. Ƙotarta kuma ta hau inda gashin karammiskin ke tsaye, wurin da ba a taɓa danne shi ba.

Ya roƙi Hajiya ta ba shi aron akwatin kwana biyu, kada ta gaya wa kowa.

Mai ƙiyasin wata tsohuwar Baturiya ce, Misis Eunice, wadda ta gaji kantin mijinta a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa. Malam Almu ya yi mata bayani da Turancinsa na bariki. Ta sa tabarau ta buɗe akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Na tuna bindigar," in ji ta. "A naɗe cikin tawul aka kawo min ita, babu akwati. Da na ga akwatin da ba haka na rubuta ba."

"Me ya sa?"

"Abu huɗu nake dubawa. Wane ne maƙerin, ko launinta na asali yana nan, ko kayan aikinta na cikin akwati nata ne, sannan ko akwai takardar da ta nuna hannun da ta bi. Ga sunan maƙerin a cikin murfin nan. Ga lambar da ke kan kayan aikin. Wannan akwatin na bindigar da za ta kai fam dubu huɗu ne a yau, ko ta wuce. Wannan kuwa," ta ɗaga bindigar da yatsa biyu, "irinta suna da yawa. Ko ba a taɓa ta ba, ba ta wuce ɗari uku."

"To gugar fa?"

Ta miƙa masa gilashin ƙara girma, ta nuna masa saman ƙarfen. "Toka ba ta cin ƙarfe haka. An fara kankare sunan da ke nan da samfefa. Tokar daga baya aka bi da ita."

Ta taɓa layar da ke rataye. "Wannan 'yar jakar fa? Na yi mamakinta tun wancan karon."

"Addu'a ce a ciki."

"Ta wannan bindigar ce?"

Malam Almu ya sunkuya kan layar. Idonsa na kan ƙullin. Makullin akwatin ma a kan igiyar fata yake, Alhaji Maje ne ya ɗaure shi da hannunsa. Ya jera su biyun a kan tebur. Ƙulli iri ɗaya ne, irin na maharba, amma na layar ya juya baya. Tsohuwar lanƙwasar fatar tana nan, ta nuna inda ƙullin farko ya kwanta, sabon kuma ya faɗi ta ɗaya gefen. Ya sha ganin haka a dabaibayin shanun da aka kwance aka sake ɗaurewa. Hannun hagu ne.

Ke nan wani ya sayar da bindigar gaske, ya sayo mai arha, ya kankare ta, ya shafa mata tokar Hansai. Amma bai iya miƙa wa Bature takarda mai sunan Allah ba, sai ya cire layar ya mayar a kan ta bogi.

Zuciyarsa ta fara zuwa kan Uwaisu. Yaron ya san inda makulli yake, yana cikin ƙungiyar masu harbin allo a jami'arsu, kuma an sha ganinsa da abokai masu son kashe kuɗi. Ya same shi a ɗakin shan shayi kusa da makarantarsu.

"Ka taɓa fitar da bindigar daga gida?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya, bara. Na nuna wa wani malaminmu. Baba ya gane, ya yi sati bai yi min magana ba. Don Allah Baba Almu kada Hajiya ta ji."

"Tun rasuwar fa?"

"Ban iya ko kallon akwatin ba. Ranar da aka buɗe a gabanka ma ban matsa kusa ba. Na rubuta wa Iya wasiƙa sau biyu, ba ta amsa ba. Ita ta koya min alwala, ka sani. Na tsaya ina kallo aka sa ta a mota."

Malam Almu ya jefa masa ashana ba tare da gargaɗi ba. Uwaisu ya cafe da dama. Ya sa shi ya ɗaure masa igiyar wata 'yar jaka, ya ɗaure da dama. Takalminsa ma mai zif ne, dogon dunduniya irin na samarin lokacin. Ba shi ba ne.

Matsalar ita ce babu bahago a gidan. Malam Almu ya ci abinci da su duka. Kowa da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake miƙa hannu.

Ranar Juma'a ya je zauren da ake haya ana salla. Bayan an idar, mutane suka taru a bakin ƙofa kowa na neman takalminsa. Alhaji Zailani ya zauna a kan matakala, yana hira da wani ɗan kasuwa a kan jiragen ruwan da suka maƙale a tashar Ikko. Takalminsa na Ingila ne mai igiya. Bakinsa na magana, hannuwansa na aikinsu. Hannun hagu ne ya yi madauki, shi ya zagaya, shi ya ja.

Malam Almu ya tsaya da takalminsa ɗaya a hannu. Ya san yadda ake yi a gida. Yaron da aka haifa bahago, ana buge masa hannu a bakin akushi har ya koma dama. Yakan koyi ci da rubutu da gaisuwa. Amma babu wanda yake tsayawa a kansa lokacin da yake ɗaure igiya.

Ranar addu'ar arba'in, bayan baƙi sun watse da la'asar, ya roƙi Hajiya da Uwaisu da Alhaji Zailani su zauna. Ya ajiye akwatin a tsakiya. Ya fara da kansa.

"Hajiya, na yi wa Hansai ƙazafi a ɗakin nan. Na zo in janye shi a ɗakin nan."

Ya nuna musu tiren da gugar bindigar. Ya nuna musu gurbin karammiski. Ya ba Uwaisu sabuwar takardar Misis Eunice ya karanta da Hausa. Hajiya ta dafe ƙirji.

"Ke nan ba bindigar Alhaji ba ce?"

"Ba ita ba ce. Layar ce kawai tasa."

"To ai sai a tambayi Baturiyar," in ji Alhaji Zailani. "Su ne masu musanya kaya. Ko kuma yaran zamani da abokansu." Bai dubi Uwaisu ba, amma kowa ya gane.

"Baffa," in ji Uwaisu a hankali.

Malam Almu ya ciro igiyoyin fata uku daga aljihu, ya ba kowa ɗaya. "Kowa ya ɗaura min a mariƙin butar nan. Irin ƙullin Alhaji, wanda ya iya."

Hajiya ta ce ita ba ta iya ba, ta yi nata na mata. Uwaisu ya ɗaura nan da nan, mahaifinsa ya koya masa. Alhaji Zailani ya yi dariya.

"Wasan yara za mu yi, Malam? Mu da muka tashi gidan maharbi?"

Ya kama igiyar da dama. Ta kuɓuce. Ya sake kamawa, madaukin ya warware. Karo na uku ma ƙullin bai kamu ba.

"Alhaji," in ji Malam Almu, "ka ɗaure yadda ka ɗaure takalminka ranar Juma'a."

Alhaji Zailani ya dubi hannunsa na hagu kamar wani baƙo ne ya shigo da shi. Malam Almu ya ajiye layar kusa da makullin, ƙulli biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya.

"Ka kai bindigar ba akwati, don ka san mai ƙiyasi za ta gane. Ka ɗebi toka a bayan ƙofar kicin. Kai ka yi booking tun kafin a sake tambayar tsohuwar. Kuma ita kaɗai ce a gidan nan ta san ka tun kana yaro, ta san da wane hannu aka haife ka."

Alhaji Zailani ya ajiye igiyar.

"Shekara ashirin," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni ne filin jirgi, ni ne banki, ni ne asibiti. Ni na wanke shi. Da yake ya haifi namiji, ba ni da ko kwabo a gadonsa. Abu ɗaya na ɗauka, abin da ba ya amfanar kowa."

"Da ka tambaya, Baffa, da na ba ka," in ji Uwaisu.

"Ba na roƙon ɗan da aka haifa a gabana."

Hajiya Jamilatu ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Alhaji, bindiga ba ta dame ni ba. Ka zauna a nan ka sa na kira Hansai maƙaryaciya."

"Ban so abin ya kai haka ba. Na ɗauka za ta amsa, ki yafe mata, a wuce wurin."

"Abu ɗaya nake so in sani," in ji Malam Almu. "Da ka bar layar ta tafi da bindigar, da ban kama ka ba. Me ya sa ka cire?"

"Ayoyi ne a ciki. Ba zan ba wanda ba ya alwala ba."

"Ka ji tsoron Allah a kan takarda, ba ka ji tsoronsa a kan mutum ba."

Wannan ita ce gaskiyar maganar, kuma ba Alhaji Zailani kaɗai ke da wannan ciwon ba. Akwai masu shi da yawa, wasu suna sahun gaba.

Hajiya ta so a rufe maganar a cikin gida. Uwaisu ya ƙi. Ya ce an kunyata Iya a gaban jama'a, saboda haka a gaban jama'a za a wanke ta. Shi ya kai takardun wurin 'yan sanda. Aka gano dillalin da ya sayi bindigar, amma ta riga ta haye teku zuwa Amurka, ba a sake ganinta ba.

Malam Almu ya ɗauki hutun da bai taɓa ɗauka ba, ya bi jirgin Kano da wasiƙar Hajiya da tikitin dawowa. Ya sami Hansai a gidan wata jikar yayarta a bayan ganuwa. Ta rame. Labari ya riga ta isowa, unguwa duka ta ji cewa an koro ta daga Ingila don ta ɓarnata dukiyar marayu ta kuma rantse a kan ƙarya. Wata biyu ba ta fita ko suna ba.

Ya durƙusa a tsakar gida, dattijo da furfurarsa, ya gaya mata komai a gaban mutanen gidan da maƙwabta.

Ta saurara har ya gama. Ta karɓi wasiƙar, ta mayar masa da tikitin.

"Ka gaida Hajiya. Ka ce wa Uwaisu wasiƙunsa sun iso, ban sami mai karanta min da zan yarda ya ji abin da ke ciki ba. Na yafe masa. Zailani kuwa, ni ce nake ɓoye shi a ɗakina idan an buge masa hannu."

"Ni fa, Hansai?"

"Kai ma na yafe. Amma minti nawa zai ɗauke ka ka dubi tiren nan a ranar farko?"

Ya koma London ya ci gaba da gadinsa. Bayan haka an sha aikowa a kira shi, yakan ce idonsa ya yi rauni, alhali idonsa lafiya lau yake. Hansai ba ta sake taka Ingila ba. Ta rasu da damina ta biyu.

Kotu ta ɗaure Alhaji Zailani wata goma sha takwas. Da ya fito aka sa shi a jirgi zuwa Kano, ranar Laraba, babu wanda ya raka shi filin jirgi, babu wanda ya tare shi.